Ciwon Yaya ya kama Mama tana da shekara 49: in saya mata ƙwayar estirojin?

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 27, ina ɗauke da cikin fari wata shida. Yayana ya kamu da ciwon ƙwaƙwalwa da ake kira sikizofiriniya yana ɗan shekara 19. Shekara 12 ke nan yana kan magani, ya daina jin muryoyi, amma ya zama shiru-shiru, ba ya shiga mutane, karatunsa ma ya tsaya. Bara kuma sai ga Mama, mai shekara 49, wadda ba ta taɓa nuna ko alamar irin wannan ciwo ba, ta fara cewa maƙwabta suna zuba mata guba a ruwa, tana jin ana zaginta ta bayan taga cikin dare. A daidai lokacin ne al'adarta ta rikice, sai ta yi wata uku ba ta gani ba sannan ta zo. Likita ya ce ciwon Yaya ne, ya ɗora ta kan risperidone. Ta samu sauƙi, amma ba ta dawo yadda take ba. Na karanta cewa sinadarin estirojin yana kare mata daga wannan ciwo, ƙawata kuma ta ce in saya wa Mama ƙwayar kawai. In saya? Me ya sa ya kama Yaya da wuri, Mama sai yanzu? Ni kuma fa, idan na haihu? Wannan tunani ya hana ni barci.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Mama da Yaya lafiya.

Kar ki saya. Amma kar ki watsar da abin da kika lura da shi, domin kin ga wani abu da sau da yawa ba a ko tambaya a ɗakin likita: ciwon Mama ya taso ne a lokacin da al'adarta ta fara ɗaukewa. Wannan lura tana da daraja ƙwarai, kuma wurin da za ki kai ta shi ne gaban likitan da ke duba Mama. Kantin magani ba shi da abin da zai yi miki da ita.

Abin da ya faru a gidanku, yadda ya zo wa Yaya da yadda ya zo wa Mama, kusan daidai yake da abin da masu bincike suka daɗe suna gani. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 24 ne ke ɗauke da sikizofiriniya, wato ɗaya cikin 300. Maza sun ɗan fi kamuwa, kusan 14 duk inda mata 10 suka kamu. Sai dai babban bambancin yana wajen lokaci. Namiji yakan fara ne tsakanin ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara 25. Mace takan jinkirta da shekara uku zuwa biyar. A ƙarshen shekarun 1980, Heinz Häfner da abokan aikinsa a birnin Mannheim na Jamus suka bi diddigin waɗanda aka kwantar karon farko, suna tambayar su da danginsu yaushe alamar farko ta bayyana. Suka tarar da abin da ya ja hankalin kowa: a wajen maza ciwon yakan yi tashi ɗaya ne a samartaka sannan ya yi ta raguwa, amma a wajen mata akwai tashi na biyu, tsakanin shekara 45 da 50. Shekarun da ma'ajiyar ƙwan mace ke fara rage aiki ke nan. Tun kafin wannan, a farkon shekarun 1980, likita Mary Seeman ta Toronto a Kanada ta riga ta yi hasashen cewa estirojin na da hannu a jinkirin da ake gani ga mata.

Mutane sun san estirojin da sha'anin al'ada da ciki da shayarwa, ba su san yana aiki a ƙwaƙwalwa ba. Yana yi kuwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu dofamin, wanda cikin ayyukansa har da nuna wa mutum abin da ya kamata ya ba muhimmanci. Idan aikinsa ya wuce kima a wani sashe na ƙwaƙwalwa, sai abin da bai kai ya kawo ba ya zama babban al'amari: tarin maƙwabci a bayan taga ya zama zagi, ɗanɗanon ruwa ya zama guba. Kusan duk magungunan wannan ciwo, har da wanda Mama ke sha, aikinsu shi ne toshe maɓallan da dofamin ke dannawa. Estirojin yana rage kaifin waɗannan maɓallai, yana taɓa sinadaran serotonin da gulutamet, yana kuma taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su jure wahala su gyara kansu. Ki ɗauke shi kamar madatsar ruwa. Ruwan yana nan tun asali, wato gadon da Mama ke ɗauke da shi, madatsar ce ta tare shi shekara talatin da wani abu, da ta fara zaizayewa sai ya samu hanya. Rashin estirojin ba ya haifar da ciwon ga wadda ba ta da tushensa. In da yana haifarwa, da kowace mace ta kamu bayan shekara 50.

Akwai wasu shaidu da ke ƙarfafa wannan fahimta. A 1994 Anita Riecher-Rössler ta wallafa binciken da ta yi kan mata 32 da ke kwance a asibiti, tana auna sinadarin a jininsu tana kuma auna tsananin ciwon. Galibi idan estirojin ya hau sai alamun su lafa, idan ya sauka gab da zuwan jini sai su tsananta. Binciken da aka tattara daga baya ya nuna an fi kwantar da mata masu wannan ciwo a ranakun da ke kewaye da zuwan al'ada. A Finlan kuma, inda aka duba bayanan asibiti na mutum sama da dubu 60, an ga cewa daga shekara 45 mata sukan fi maza tsaransu yawan komawa asibiti, kuma maganin da ya riƙe su a baya ya rage ƙarfi a kansu.

Wajen Yaya, shi ma jikinsa yana da estirojin, domin ƙwaƙwalwar namiji tana juya wani kaso na sinadarin testosteron ya koma estirojin, sai dai bai kai na mace mai al'ada ba. Kuma ba sinadari kaɗai ke raba maza da mata a nan ba. Samari sun fi shan tabar wiwi, wadda aka tabbatar tana ƙara haɗarin kamuwa, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya. Ban ce Yayanki ya sha ba, da yawa ba su taɓa ko kusantarta ba. Abin da ya fi taɓa zuciyata a labarinsa shi ne shekarun. Ciwon ya riske shi kafin ya gama karatu, kafin ya kama sana'a, kafin ya yi iyali. Mama kuwa ya same ta ta riga ta gina rayuwarta: tana da ku, tana da ƙwarewar zaman duniya ta shekara 49, ta san waye ita. Shi ya sa mata da ciwon ya zo musu a makare sukan riƙe tsaftarsu da hirarsu da hidimarsu, sai dai zargi da jin muryoyi su dame su, alhali maza da ya kama da wuri sun fi fama da irin abin da kika faɗa: shiru, janye jiki, mutuwar zuciya a kan komai. Wannan shirun daga ciwon yake, ba lalaci ba ne. Amma a sa likitansa ya sake dubawa, domin baƙin ciki mai tsanani da nauyin magani duk sukan yi kama da shi, kuma waɗannan biyun ana iya gyara su. Maganin estirojin dai ba nasa ba ne.

Yanzu ga tambayar da ta kawo ki. In dai raguwar sinadarin ce ta buɗe ƙofa, me zai hana a mayar da shi? Tambaya ce mai ma'ana, likitoci ma sun yi ta, sun kuma gwada. Jayashri Kulkarni ta Jami'ar Monash da ke Melbon a Ostireliya ta wallafa gwaji a 2008 kan mata 102: an manna wa rabinsu filastar estirojin a fata tsawon kwana 28, sauran aka manna musu wadda ba komai a ciki. Masu estirojin sun fi samun sauƙin ruɗu da jin muryoyi. Ta maimaita da mata 183 na tsawon mako takwas, aka wallafa a 2015, sakamakon ya yi kama. A 2019 wani gwaji a Moldoba kan mata 200 ya samu amfani, amma a wajen waɗanda suka haura shekara 38 ne aka gan shi. Duk wannan labari ne mai daɗi, kuma na fahimci dalilin da ya sa ƙawarki ta ɗauka an gama magana.

Sai dai ki duba yadda aka yi gwaje-gwajen. Babu mace ɗaya da aka tsayar wa maganinta na ƙwaƙwalwa, ƙari aka yi a kansa. Mako huɗu zuwa takwas kawai aka yi, alhali ciwon na shekaru ne. Matan kuma duk masu ganin al'ada ne, an tantance su kafin a fara, ana bibiyar su. Ga matan da al'ada ta ɗauke musu an fi gwada wani magani mai suna raloxifene, wanda asali na ƙarfafa ƙashi ne, yana aiki irin na estirojin a ƙashi da ƙwaƙwalwa ba tare da ya zuga nono da mahaifa ba. Ƙananan gwaje-gwaje a Sifen da Ostireliya sun nuna amfani, amma babban gwajin da aka wallafa a 2017, kan mata 200 masu ciwo mai tsanani a Romaniya da Moldoba, bai ga amfanin komai ba. Akwai kuma wani nazari na Finlan a 2024 da ya nuna matan da ke da wannan ciwo suna karɓar maganin sinadari saboda ɗaukewar al'ada, haɗarin dawowar ciwonsu ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma duba bayanan asibiti aka yi, ba gwaji ba. A ganina hanya ce mai alamar alheri da ba a gama share ta ba.

Haɗarin kuwa sananne ne. Estirojin, musamman na haɗiya, yana ƙara yiwuwar jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma magungunan ƙwaƙwalwa su ma suna ɗan ƙara wannan haɗari, ballantana ga mai ƙiba ko mai yawan kwanciya. Yana ɗan ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Idan mace tana da mahaifarta aka ba ta shi shi kaɗai, ba a haɗa da sinadarin furojesteron ba, bangon mahaifar yakan yi ta kauri har ya iya kaiwa ga ciwon daji, wato kansa. Wadda ta taɓa yin kansar nono, ko ciwon hanta, ko zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, ba a ba ta. Ƙwayar tazarar haihuwa ma ba ita ba ce, nau'in da ke cikinta daban ne, kuma ta fi haɗari ga mai shekarun Mama. Ke ba ki da hanyar tantance ko ɗaya daga cikin waɗannan a gida.

Abin da za ki iya yi ya fi sayen ƙwaya amfani. Ki samu ƙaramin littafi, kowace rana layi ɗaya: ta ga jini ko ba ta gani ba, awa nawa ta yi barci, ta farka da zufa ko zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, sannan maganar maƙwabta ta taso ko ba ta taso ba. In ta yarda ta rubuta da hannunta ya fi. Barcin nan ki sa masa ido sosai. Mace ta farka ƙarfe uku na dare rigarta sharkaf, zuciya na bugawa, gida tsit, ga ƙwaƙwalwar da dama a shirye take ta fassara kowane motsi, to daren nan muryoyin za su samu fili. Wani lokaci magance zufar dare kaɗai yana rage wahalar. Bayan wata biyu ki ɗauki littafin ki raka ta asibiti, ki buɗe shi gaban likita, ki ce: "Likita, ciwon nan ya fara ne lokacin da al'adarta ta rikice. Ko za a haɗa mu da likitan mata a duba ko ta dace da maganin sinadari?" In tana da alamun ɗaukewar al'ada masu damunta, kuma ba ta da abin da zai hana, tana da haƙƙin a duba mata wannan magani kamar kowace mace. Abin yana ba ni takaici yadda da zarar an rubuta taɓin hankali a katin mace, sai duk wani ƙorafinta na jiki a jingina shi da ƙwaƙwalwa, ba wanda zai tambaye ta al'adarta.

Akwai wani abu game da risperidone da ya kamata ki sani. Yana cikin magungunan da ke ɗaga sinadarin furolaktin, mai sa nono ya kawo ruwa, haka ma haloperidol da amisulpride. Idan furolaktin ya hau, yakan danne estirojin, al'ada ta tsaya, wani lokaci nono ya riƙa ɗiga, in aka daɗe a haka ƙashi ya yi rauni. Wato maganin da ke taimakon Mama yana iya ƙara rage mata sinadarin da kike son ƙara mata. Ki roƙi a auna mata furolaktin, gwajin jini ne kawai. In ya hau sosai, likita na da zaɓi: ya daidaita yawan maganin, ko ya canza zuwa irin su aripiprazole da ba sa ɗaga shi. Shi zai yanke wannan hukunci. Kar Mama ta rage ko ta daina da kanta ko da kwana ɗaya, dawowar ciwon ta fi duk waɗannan illoli muni. Ki kuma riƙa kallon bakinta idan tana zaune shiru: in kika ga leɓe na motsi kamar mai tauna, ko harshe na leƙowa ba da saninta ba, ki faɗa da wuri, domin mata masu shekaru sun fi samun wannan illa.

Sannan duk wanda ciwo irin wannan ya fara masa bayan shekara 40, ana so a tabbatar an kawar da wasu dalilai kafin a tsaya kan suna ɗaya: matsalar maƙoƙo, ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wasu magunguna irin su sitiroyid, ko baƙin ciki mai tsanani da ke zuwa da ruɗu. Mai yiwuwa likitan ya riga ya yi, tambaya ba laifi ba ce.

Saura ke, wadda na san ita ce tambayar da ta fi hana ki barci ko da kin sa ta a ƙarshe.

Ba zan ɓoye miki ba, haɗarinki ya fi na wadda ba kowa a gidansu. A cikin jama'a, ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 ne ke kamuwa tsawon rayuwa. Mai uwa ko ɗan'uwa ɗaya da ke da ciwon, kusan ɗaya cikin 10. Mai biyu kamar ke, tsofaffin ƙididdiga sun kai shi wajen 17 cikin 100. Ki karanta adadin ta ɗaya gefen: ko da wannan lissafi mai tsauri, fiye da huɗu cikin biyar ba sa kamuwa har abada. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ma, masu gado iri ɗaya sak, in ɗaya ya kamu kusan rabin lokaci ɗayan lafiyarsa lau. Kin kuma kai 27 lafiya, kin riga kin wuce wani kaso na shekarun haɗarin.

Batun haihuwa yana da tushe. A yanzu estirojin ɗin jikinki ya ninka na kullum sau da yawa, mabiyiya ce ke samar da shi, kuma da zarar ta fita zai faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Wannan faɗuwa da rashin barci ne suka sa makonnin farko bayan haihuwa suka zama lokacin da ƙwaƙwalwar mace ta fi rauni. Duk da haka, rikicewar hankali bayan haihuwa tana samun mace ɗaya zuwa biyu ne cikin 1,000, kuma ta fi alaƙa da ciwon nan mai sa mutum ya yi ta hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki, fiye da sikizofiriniya. Don haka ki tambayi 'yan'uwan Mama ko ta taɓa rikicewa bayan haihuwar ɗayanku, ko akwai wata a dangi da ta yi. In amsar a'a ce, hankalinki ya ƙara kwanciya. In e ce, likita na bukatar ya sani.

A awon cikinki na gaba ki faɗa wa ungozoma ko likita tarihin gidanku dalla-dalla, a rubuta a katinki. Sannan ki zaunar da maigidanki tun yanzu ki koya masa bambancin abu biyu. Kuka ba dalili da saurin fushi a rana ta uku zuwa ta biyar, wannan yana samun fiye da rabin masu jego, yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Abin da ba a jira da shi shi ne: jariri ya yi barci ke ki kasa, dare biyu a jere, kuma ba ki jin gajiya, magana ta yi ta zuba ba kai ba gindi, ki rasa gane rana ko wuri, ko ki fara faɗin wani abu game da jaririn da ba haka yake ba. In ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti a ranar, kar a bar ki ke kaɗai da jaririn kafin a isa. Ana warkewa daga wannan sarai idan an kama shi da wuri. Ku kuma shirya wanda zai karɓi jaririn wani sashe na dare a makonni biyun farko, ki samu barcin awa huɗu ko biyar a haɗe.

Rashin barcin da kike yi yanzu ma ki ambata shi a awon. Kina ɗauke da ciki, kina ɗauke da damuwar mutum biyu, nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa. Cikin dangi a samu wanda zai karɓi rakiyar Mama asibiti da kula da shan maganinta daga watanki na takwas har ki yi ƙarfi, ki damƙa masa littafin nan ki nuna masa yadda ake cika shi.

Allah ya sauke ki lafiya.